Wa Ya Yi Wa Ƙungiyarmu Baki?

A unguwarmu a Bauchi akwai wani tela da ya shekara takwas ana yi masa kallon mai farar ƙafa a gidan kallon ƙwallo. Abin ya samo asali ne daren 17 ga Mayun 2006, ranar da Arsenal ta buga wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai da Barcelona a Faris. An kori golanta Jens Lehmann tun a minti na 18, amma Sol Campbell ya sa kai ya ci, mutum goma suka riƙe sha ɗaya har wasa ya yi nisa. Shi telan ɗinkin biki ne ya tsare shi a shago. Da ya sallami masu kaya ya taho da sauri, guntayen zare maƙale a rigarsa, ya biya kuɗin ƙofa, ya ɗaga labulen buhu ya shigo. Bai gama gyara zama a kan benci ba Samuel Eto'o ya farke. Kafin a gama salati Belletti ya ƙara na biyu.

Wani saurayi ya juyo, idonsa jajur, ya ce, "Baba tela, don girman Allah wa ya aiko ka?"

Aka yi dariya a daren, irin dariyar da ake yi don kada a yi kuka. Amma maganar ta zauna. Daga ranar, duk wasan da ya yi zafi, in an hango shi tafe sai ka ji ana cewa, "Baba, a ɗan tsaya a waje tukuna, a bari a je hutun rabin lokaci." Wasu da wasa suke faɗi. Wasu kuwa har zuci. Kuma cikin masu faɗi har zuci akwai ɗaliban jami'a da suka karanta lissafi, akwai waɗanda ba sa rasa sahun farko a masallaci.

Abin da nake son mu warware shi ne yadda mutum mai hankali yake yarda cewa shigowar wani tela cikin rumfar kwano a Bauchi ta karkatar da ƙwallo a Faransa. A ganina amsar ba ta cikin ƙwallo. Tana cikin irin labaran da muka taso da su.

Duba yadda baki yake aiki a tatsuniya da littattafan almara. Kamar murhu yake, duwatsu uku ne ke riƙe da shi. Na farko akwai wanda aka ɓata wa rai. Na biyu akwai wa'adi ko sharaɗi. Na uku akwai makari. A tatsuniyar Turawa ta gimbiyar da ta yi dogon barci, yadda 'yan'uwan nan biyu na Jamus masu suna Grimm suka tattara ta a 1812, sarki ya yi haihuwa, ƙasarsa tana da mata masu siddabaru goma sha uku, shi kuwa faranta goma sha biyu na zinariya gare shi. Sai ya bar ɗaya bai gayyace ta ba. Duk Bahaushen da ya taɓa mantawa bai kai wa wata gwaggo goron suna ba ya san abin da zai biyo baya. Ta zo ba gayyata, ta yi wa jaririyar baki cewa mazari zai soke ta tana shekara goma sha biyar ta mutu, wata ta sassauta abin ya koma barcin shekara ɗari. A littattafan Harry Potter, mugun labarin, Voldemort, ya nemi aikin koyar da wani darasi a makarantar matsafa aka hana shi, daga nan babu malamin da ya ƙara haura shekara ɗaya a kan kujerar. A gida kuma muna da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East tun shekarun 1930: mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo ya zama ajalin ubansa.

Ka lura, a cikin ukun nan babu bakin da ya faɗo daga sama haka kawai. Kowanne bashi ne. An hana wani faranti, an hana wani aiki, an ƙwace wa wani mata. Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Littattafan yaƙin da muka riƙa haya muna yara, masu sadaukai da aljanu da birnin da aka mayar da mutanensa duwatsu, duk a kan wannan turbar suke. Kuma mai karatu yana shiga labarin da kwanciyar hankali, don ya san alƙalami yana hannun wani. In aka ambaci tsinuwa a shafi na goma, to akwai takobi ko zobe ko marayan da zai karya ta kafin littafi na huɗu ya ƙare. A duniyar almara babu tsautsayi. Kome da dalilinsa.

Yanzu ɗauko shahararrun bakunan wasanni ka jera su kusa da waɗancan. Za ka ga tela ɗaya ne ya yanka su.

Mafi shahara shi ne na Benfica ta Fotugal. Kocinta Béla Guttmann, mutumin Hungari, ya ci mata Kofin Turai sau biyu a jere, 1961 da 1962. Ya nemi ƙarin kuɗi, shugabanni suka ƙi, ya tafi. Aka ce a kan hanyar fita ya yi musu baki cewa ko nan da shekara ɗari ba za su ƙara ɗaukar kofin Turai ba. Shekara ɗari, daidai da barcin gimbiya. Daga nan Benfica ta kai wasan ƙarshe a gasannin Turai sau takwas, a 1963, 1965, 1968, 1983, 1988, 1990, 2013 da 2014, kuma ko ɗaya ba ta ci ba. Biyu a bugun fenariti ta faɗi, na 2013 kuma Ivanović na Chelsea ya sa kai ana shirin tashi. A 1990 an buga wasan a Biyana, garin da kabarin Guttmann yake, sai tsohon gwarzonsu Eusébio ya je kabarin yana roƙo. AC Milan ta ci su ɗaya da nema. Wanda ya ji wannan jerin bai ji tsikar jikinsa ta tashi ba, ba ya son labari.

Amma a sauko ƙasa. Babu wata takarda ko faifai na 1962 da aka kawo mai ɗauke da wannan furucin. Kuma Guttmann ɗin da kansa ya dawo ya sake horar da Benfica a 1965. Wane irin mai baki ne zai tsine wa gona sannan ya dawo ya karɓi ƙwadago a cikinta? Sai kuma a duba wasannin ɗaya bayan ɗaya. A 1965 da Inter Milan suka kara, a San Siro, wato a tsakar gidan Inter, golansu ya ji rauni, suka ƙarasa da mutum goma don a lokacin ba a canji. A 1968 Manchester United suka tarar a Wembley, a Ingila. A 1990 Milan ce ta Gullit da Van Basten da Rijkaard, wadda ta fi kowa a duniya a lokacin. Daga baya kuma kuɗin talabijin ya tattare a Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus, ƙungiyoyin Fotugal suka koma masu reno suna sayarwa. Ko da a ce duk wasannin takwas ɗin raba-daidai ne, kamar jefa kwabo, damar faɗuwa sau takwas a jere ɗaya ce cikin 256. Ƙarama ce, gaskiya. Sai dai ƙungiyoyin duniya sun fi 256 nesa ba kusa ba, kuma an fi shekara ɗari ana buga ƙwallo. Dole irin wannan ta faɗa kan wani. Wanda ta faɗa wa shi ake ba da labarinsa, sauran ba wanda ya san da su.

Na Amurka ya fi ban dariya. A 1945 wani mai mashaya a Chicago, Billy Sianis, ya je kallon wasan ƙwallon sanda na ƙungiyar Cubs da bunsurunsa, aka fitar da su saboda wari, aka ce ya yi musu baki. Ba su ɗauki kambun ba sai 2016. Abin da masu labarin ke tsallakewa shi ne, rabon Cubs da kofin tun 1908. Wato sun shekara 37 suna shan kashi kafin bunsuru ya taka filin. Rashin nasarar ya girmi tsinuwar da aka ce ita ta haife shi. Haka na Ostireliya: a 1969 'yan ƙwallon ƙasar sun je Mozambik buga wasan share fagen Kofin Duniya da Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yanzu, aka ce sun sa boka ya yi musu aiki, suka ci, suka tafi ba su biya shi ba, ya juya musu abin. To amma sun je Kofin Duniya na 1974, shekara biyar kacal bayan haka. Na kusa da mu kuwa shi ne na wakilin Yaya Touré, Dimitri Seluk, wanda ya ce a 2018 bokayen Afirka ba za su bar Pep Guardiola, kocin Yaya a Manchester City, ya ƙara cin Kofin Zakarun Turai ba saboda yadda ya yi wa Yaya. Da Chelsea ta doke Manchester City a wasan ƙarshe na 2021, gidajen kallo daga Wunti har Yelwa maganar da ake yi ke nan. A 2023 City ta ci Inter a Santambul, magana ta mutu.

Koci da aka hana haƙƙinsa, mai bunsuru da aka wulaƙanta, boka da aka cinye wa kuɗi, ɗan wasa da aka ajiye a benci. Duk labarin alhaki ne. Shi ya sa yake shiga kunnen Bahaushe ba tare da sallama ba, don yana kama da abin da muka yi imani da shi. Hadisi ya tabbata cewa addu'ar wanda aka zalunta babu shamaki tsakaninta da Allah, kuma kambun baka gaskiya ne. Mun kuma taso muna tsoron bakin iyaye. Amma addinin da ya faɗi waɗannan shi ne ya hana camfi ƙarara, ya hana mutum ya ɗauki wani tsuntsu ko wata rana ko wani bawan Allah a matsayin alamar tsiya, ya kuma ce wanda ya je wurin boka ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. A gidan kallo ana zuba waɗannan duka a tukunya ɗaya a dama. Mutum zai fara da "alhaki ne" ya ƙare da "kada Baba tela ya shigo", bai ma lura ya tsallaka daga wani abu zuwa wani ba. Telan nan wa ya zalunta?

Akwai kuma dalilin da ya sa ƙwallon ƙafa ta fi sauran wasanni jawo wannan. Ci a cikinta tsada gare shi. Wasa guda bai cika wuce ƙwallo biyu ko uku ba, saboda haka turke ɗaya, santsi ɗaya, tutar mataimakin alƙali ɗaya, sun isa su kifar da ƙungiyar da ta fi iya wasa. A ƙwallon kwando da ake zuba maki kusan ɗari, sa'a ba ta da wannan ƙarfin. Wani masanin al'adu, Bronisław Malinowski, ya zauna da masunta a tsibiran Trobriand a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya ga in za su kama kifi a ruwan da ke kwance kusa da gaɓa, ba su damu da tsafi ba. In za su shiga teku mai haɗari, sai tsafe-tsafe su tashi. Mu ma mun san wannan ba sai an je tsibiri ba. Ɗan acaɓan da ke zirga-zirga tsakanin kasuwar Muda Lawal da Wunti ba ya neman laya. Direban da ke kwana a hanyar kudu shi za ka ga abu yana reto a madubinsa. Inda iko ya ƙare, nan camfi ke farawa. Ɗan wasa ko ba komai yana da ƙafa a cikin fili. Mai kallo fa? Yana zaune a kan benci, nisan dubban kilomita, zuciyarsa na bugawa, ba abin da ke hannunsa sai zaɓen inda zai zauna, da rigar da zai sa, da wanda zai bari ya shigo.

Yadda ɗabi'ar ke kama mutum kuwa, masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya nuna ta da tattabaru a 1948. Ya sa su a keji da yunwa, na'ura tana sako musu tsaba duk bayan daƙiƙa 15, ko me suke yi. Ba a jima ba wata ta kama juyi, wata ta kama kaɗa kai, kowacce tana maimaita abin da take yi lokacin da tsaba ta faɗo. Ni ma ina da wata tsohuwar hula da na daina sawa ranar wasa, ba zan ɓoye ba. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ranar da abu ya dace, ta zubar da ranakun da bai dace ba. Misalin Aaron Ramsey, ɗan wasan Arsenal a wancan lokacin, ya isa. Ya ci Manchester United ranar 1 ga Mayun 2011, washegari aka kashe Usama bin Ladan. A Oktoban shekarar ya ci Tottenham, Steve Jobs ya mutu bayan kwana uku. Ya ci Marseille, washegari aka kashe Gaddafi. A Fabrairun 2012 ya ci Sunderland, Whitney Houston ta mutu. Sai aka ce ƙafarsa ajali ce. To wane mako ne ke wucewa a duniyar nan ba a rasa wani sananne ba? In ka ba kanka kwana uku bayan kowane ci, kuma kai ne mai zaɓen wanda ya isa a kira sananne, ko ni na ci ƙwallo a filin firamare za ka samo mini gawa.

A nahiyarmu abin ba ya tsayawa a baki, yana shiga fili. A Gasar Kofin Afirka ta 2000 a Legas, Senegal tana gaban Najeriya da ci ɗaya, wani jami'in hukumar ƙwallonmu, Kashimawo Laloko, ya je bayan ragar Senegal ya ɗauke wani abu. Julius Aghahowa ya farke ana dab da tashi, ya ƙara a ƙarin lokaci. Har yau akwai masu rantsuwa cewa abin da aka ɗauke ne ya buɗe ragar, kamar Aghahowa bai yi gudu ba. A 2002 a Mali, 'yan sanda sun sa wa Thomas Nkono, mai horar da gololin Kamaru, ankwa kafin wasan kusa da na ƙarshe bisa zargin ya jefa asiri a fili. Kamaru ta ci Mali uku da nema. A gasar unguwanni kuwa na gani da idona. Wata shekara a wani filin makaranta, an tsayar da wasa kusan minti ashirin saboda gola ya ajiye wani ƙullin baƙar leda a cikin raga. 'Yan ɗaya ɓangaren suka ce ba za su taɓa ƙwallo ba sai an cire, nasa suka kewaye ragar suka ce ba mai taɓawa. Da wani dattijo ya shiga tsakani ya kwance ledar a gaban kowa, ƙuli-ƙuli ne da ragowar rake. Amma kafin a kwance, 'yan gaban ɗaya ƙungiyar sun ɓarar da ƙwallo biyu da ko makaho zai ci. Nan ne kaɗai na yarda asiri yana ci: wanda ya yarda an rufe raga, ƙafarsa rawa take yi kafin ya buga.

Gasarmu ta gida ma cike take da irin wannan. Kafin Enyimba ta ɗauko Kofin Zakarun Afirka a 2003, an daɗe ana cewa kofin ya haramta ga Najeriya, don Rangers ta faɗi a wasan ƙarshe a 1975, Shooting Stars a 1984 da 1996, Iwuanyanwu a 1988. Enyimba ta ci, ta sake ci a 2004, ba wanda ya ji an yi wani karatu na karya sihiri. Rangers ta Inugu ta shekara 32 ba ta ci gasar ƙasa ba, daga 1984 zuwa 2016. Mu nan Wikki Tourists ta ɗauko Kofin Ƙalubale a 1998, ta zo ta uku a gasar 2016, ta faɗa rukuni na ƙasa a 2023, kuma a kowane mataki na ji masu cewa ai an yi mana baki, ko an sa mana ido. Maƙwabtanmu na Gombe da suka ga ƙungiyoyinsu biyu sun faɗi a kaka ɗaya a 2024 ba sai an gaya musu yadda zancen yake ba.

Inda nake jin haushin zancen shi ne yadda yake rufe tambayoyin da ya kamata a yi. Kowa ya san cin wasa a waje a gasar Najeriya abu ne mai wuya, kuma da yawa sukan ce ai kowane fili da abin da aka binne a cikinsa. Ba na nufin wata ƙungiya, amma wanda ya san gasar ya san 'yan wasa kan kwana a mota daga arewa zuwa kudu su sauka su buga washegari, ya san an sha kukan alƙalan da ake tsorata, ya san 'yan wasan da ke bin bashin albashi na watanni. In alhaki ake nema, ga shi nan a fili, ba ya buƙatar aljani ya ɗauke shi. Yaron da bai ci ya ƙoshi ba, mai gidan haya yana kiran wayarsa, ba sai an binne ƙwai a bakin raga ba kafin ya zubar da fenariti. Amma "an yi mana asiri" ta fi daɗin faɗi, don ba ta da ofis, ba ta da wanda za a je a tambaya ina kuɗi suka shiga. Yanzu da cacar ƙwallo ta shigo wayoyin samari, abin ya ƙara muni. Wanda wasa ɗaya ya yanke wa tikiti ba ya cewa lissafin masu cacar ne aka gina don ya faɗi, cewa yake wane ne ya leƙa masa waya.

Kuma a ƙarshe kan mutum abin yake sauka. A almara wanda aka yi wa baki shi ne jarumi, ana tausaya masa, ana bin sa har ya sami makari. A zahiri wanda aka liƙa wa farar ƙafa ba shi da littafi na huɗu. Na telanmu wasa ne, iyakarsa tsayuwa a waje da jin ihu ta cikin kwano. Amma kalmar da aka jefe shi da ita, asalinta mata ake jifa da ita: amaryar da ta tare shagon miji ya ƙone, ko wadda ta yi takaba sau biyu. Ita ba a dariya. Hanyar tunanin kuwa ɗaya ce, abu biyu sun faru kusa da juna, an ɗaura musu aure. Harry Kane ya ɗanɗana irin ta masu kuɗi: ya koma Bayern Munich a 2023 bayan ta ci gasar Jamus sau 11 a jere, a kakarsa ta farko Leverkusen ta su Victor Boniface ta ƙwace kofin ba a doke ta ko sau ɗaya ba, duniya ta ce ƙashin tsiya ya kai musu, alhali shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. A 2025 ya ɗaga kofin.

Shi Baba tela ranarsa ta zo ne 17 ga Mayun 2014, shekara takwas cif, wasan ƙarshe na Kofin FA da Hull City, Arsenal tana da shekara tara ba kofi. Ya riga kowa zuwa, ya kama bencin gaba. Minti takwas da farawa Hull ta zuba biyu. Rumfa ta yi tsit, sai ƙarar janareta, sannan idanu suka fara juyowa. Mai gidan kallon ya matso ya rage murya ya ce, "Baba, ko za ka ɗan sha iska? Zan mayar maka da kuɗinka." Ya ce, "Yaro, ko goma za a ci, a nan za a ci su a gabana." Cazorla ya rage ɗaya yana zaune. Koscielny ya farke. A ƙarin lokaci aka ci na uku, benci ya kife, wani ya ɗaga telan sama hularsa ta faɗi.

Da ƙura ta lafa na ce wa saurayin nan na 2006, wanda yanzu har ya yi aure, to yau fa? Ya ce ai lokacin da Koscielny ya farke Baba ya fita alwalar magariba, kowa ya gani. Kafin in ba shi amsa, wani daga bencin baya ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku tsaya. Ramsey ne fa ya ci na ukun. Wa zai mutu?"